Belin Kafin Kamu a Shari'o'in Tsangwama da Barazana: Matsayin Kotunan Nijeriya da Tasirinsa ga Mazauna Palladan da Kewayenta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin matsayin kotunan Nijeriya game da mutumin da ya nemi kariyar shari'a tun kafin a kama shi bisa zargin tsangwama ko barazana. An bi hanyar nazarin matanin dokoki da hukunce-hukuncen manyan kotuna, aka kwatanta su da tsarin ƙasar Indiya da kuma ƙa'idojin fiƙihun Malikiyya, sannan aka auna sakamakon da yanayin zamantakewar Palladan da Samaru da Sabon Garin Zariya. Nazarin ya gano cewa dokokin Nijeriya ba su tanadi belin kafin kamu ba, kuma sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ke cike wannan gurbi. An kuma gano cewa hukunce-hukuncen kotuna sun kasu gida biyu: masu kare ikon bincike da masu hana amfani da 'yan sanda a rigimar da ba ta laifi ba. Maƙalar ta ba da shawarar samar da umarni mai sharuɗɗa, wanda zai kare wanda ake zargi ba tare da an yi watsi da mai ƙorafi ba.

Muhimman kalmomi: beli, kamu, tsangwama, barazana, 'yancin walwala, Palladan

1.0 Gabatarwa

Palladan na cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, a kan hanyar Sakkwato, tsakanin Sabon Gari da Samaru. A nan ne Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1964, kuma tafiya kaɗan ce daga nan zuwa babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan ya sa unguwar ta tara ɗalibai 'yan haya da ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu daga sassa daban-daban na ƙasar nan. Zo mu zauna, in ji Hausawa, zo mu saɓa. Saɓanin kuɗin haya ko bashi ko rabuwar aure kan kai ga musayar kalamai masu zafi, baki da baki ko ta waya, daga nan sai ɗaya ya garzaya caji ofis ya ce an yi masa barazana.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: mutumin da ya sami labarin ana neman sa bisa irin wannan zargi, wace ƙofa doka ta buɗe masa kafin ya kwana a bayan kanta? Tambayar tana da fuska biyu. Akwai wanda aka ƙulla wa sharri don a wulaƙanta shi, akwai kuma wanda ake yi wa barazana ta gaskiya, wanda jinkirin kamu zai iya jefa rayuwarsa cikin haɗari.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Beli shi ne sakin wanda ke tsare bisa alƙawarin zai bayyana a lokaci da wurin da aka gindaya masa, ko a hannun wani da ya tsaya masa ko bisa amincewa da shi kansa. A tsarin Nijeriya beli iri uku ne: na 'yan sanda kafin gurfanarwa, da na kotu yayin shari'a, da na wanda aka yanke wa hukunci yana jiran ɗaukaka ƙara. Dukansu suna zuwa ne bayan mutum ya shiga hannu. Belin kafin kamu kuwa umarni ne da kotu ke bayarwa tun mutum yana gidansa, cewa idan an kama shi bisa zargi kaza, a sake shi nan take bisa sharuɗɗan da ta ƙayyade.

Barazana, a Kundin Dokokin Laifuffuka na Arewa da aka fi sani da Final Kod, ita ce yi wa mutum kashedin cutar da jikinsa ko mutuncinsa ko dukiyarsa, da nufin tsorata shi ko tilasta masa aikata abin da doka ba ta wajabta masa ba. Sashe na 396 ya bayyana laifin, na 397 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko shekara 7 idan barazanar ta kisa ce ko ta mummunan rauni. Jihar Kaduna ta sabunta nata kundin a 2017, lambobin sassa suka sauya. Tsangwama kuwa ta fi faɗi. Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta Tarayya ta 2015 ta ware sashe na 17 ga bibiyar mutum, na 18 ga razanarwa, kuma Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2018. Idan ta waya ko intanet aka yi, sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ne ke aiki.

3.0 Tushen Tsarin a Ƙasar Indiya

Kwatanta Arewacin Nijeriya da Indiya yana da dalili na tarihi. Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, an gina shi ne bisa kundin ƙasar Sudan, shi kuma ya samo asali daga kundin Indiya na 1860. Saboda haka ma'anar barazana a wuraren biyu kusan ɗaya ce. Inda aka rabu shi ne a hanyar kamu. A 1969 Hukumar Gyaran Dokoki ta Indiya ta lura cewa masu ƙarfi kan ƙulla wa abokan hamayyarsu ƙarar ƙarya don a tsare su na 'yan kwanaki a zubar musu da mutunci. Wannan ya haifar da sashe na 438 na dokar shari'ar laifuffuka ta 1973, wanda ya koma sashe na 482 a sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2024.

A shari'ar Gurbaksh Singh Sibbia (1980), Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa dole tsoron kamun ya dogara da dalili bayyananne, kuma ba a ba mutum kariya ta bai-ɗaya daga duk wani laifi da zai iya aikatawa nan gaba. A shari'ar Arnesh Kumar (2014), wadda ta shafi zargin cuzguna wa matar aure, kotun ta hana 'yan sanda kamu kai-tsaye a laifin da hukuncinsa bai wuce shekara 7 ba, sai sun rubuta dalilin da ya wajabta kamun. A shari'ar Sushila Aggarwal (2020) ta ce ba lallai ne a ƙayyade wa belin wa'adi ba. Sai dai Indiya ba ta buɗe ƙofar ga kowa ba: dokar 1989 mai kare ƙasƙantattun al'ummomi daga cin zarafi ta hana irin wannan beli, don gudun kada wanda ake zargi ya koma ya razana mai ƙorafi. Babban darasin shi ne, belin bai dakatar da bincike. Mai nema yakan ɗauki alƙawarin amsa kiran 'yan sanda da nisantar shaidu.

4.0 Matsayin Dokokin Nijeriya

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta Tarayya ta 2015, da takwararta ta Jihar Kaduna ta 2017, ba su ƙunshi sashe irin na Indiya ba. Abin da ake da shi kariya ce iri biyu.

Ta farko ita ce iyakokin da aka shata wa kamu. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya halatta kamu bisa zargi mai ma'ana, ya kuma wajabta gurfanar da mutum cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Mazaunin Palladan yana cikin rukunin farko, domin kotunan majistare na Sabon Gari da Babbar Kotun Jiha da ke zama a Dogarawa duk ba su kai wannan nisa ba. Haka kuma sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kamu saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba, sashe na 36 ya hana kama wani a madadin wani.

Ta biyu ita ce sashe na 46(1), wanda ya ba mutum damar zuwa Babbar Kotu idan an tauye haƙƙinsa, ko ana cikin tauyewa, ko akwai alamar za a tauye. Wannan gaɓa ta uku ita ce ƙofar da lauyoyi ke bi kafin kamu. Ƙa'idojin Tabbatar da Haƙƙoƙin Ɗan'adam na 2009, waɗanda Babban Jojin Ƙasa Idris Legbo Kutigi ya fitar, sun sauƙaƙa hanyar: an cire neman izini kafin shigar da ƙara, an kuma ba alƙali ikon bayar da umarnin wucin gadi ba tare da jin ɗaya ɓangaren ba, idan jinkiri zai jawo matsananciyar wahala ga rai ko walwala. A shari'ar Grace Jack da Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi (2004), Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa Babbar Kotun Jiha da ta Tarayya duka suna sauraren ƙarar haƙƙi.

5.0 Hukunce-hukuncen Kotuna

5.1 Hukunce-hukuncen da Suka Kare Ikon Bincike

A shari'ar Fawehinmi da Sufeto-Janar na 'Yan Sanda (2002), Kotun Ƙoli ta yanke cewa bincike hurumin 'yan sanda ne, kuma ko gwamna mai kariya ana iya bincikarsa. Amma a cikin hukuncin an yi gargaɗin cewa kuskure ne a kama mutum kafin a nemo hujjar da ta alaƙanta shi da laifi. Wato bincike ne ke gaba, kamu ya biyo baya.

Hukuncin da aka fi kafa hujja da shi a wannan ɓangare shi ne na Antoni-Janar na Jihar Anambra da Chris Uba (2005), wanda ya taso daga rikicin yunƙurin tuɓe Gwamna Chris Ngige a Yulin 2003. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce zuwa kotu don a katange mutum daga bincike da gurfanarwa katsalandan ne ga ikon da Kundin Tsarin Mulki ya ba jami'an shari'a. Wannan matsayi ya ƙara ƙarfi saboda sukar da ta biyo bayan umarnin dindindin da tsohon gwamnan Ribas, Peter Odili, ya samu daga Babbar Kotun Tarayya ta Fatakwal, wanda ya hana Hukumar EFCC kama shi. Bugu da ƙari, a shari'ar Fajemirokun (2009) Kotun Ƙoli ta ce kai rahoton laifi ga 'yan sanda nauyi ne a kan ɗan ƙasa, kuma ba za a ɗora masa alhakin kamun da ya biyo baya ba sai an nuna mugun nufi.

5.2 Hukunce-hukuncen da Suka Kare Walwala

A ɗaya ɓangaren, tun a shari'ar McLaren da Jennings (2003) Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa karɓo bashi ba aikin 'yan sanda ba ne. Kotun Ƙoli ta jaddada haka game da EFCC a shari'ar Bankin Diamond da Opara (2018). Misali mafi kusa da gida shi ne shari'ar Kure da Kwamishinan 'Yan Sanda (2020), wadda ta faro daga kotun majistare a Kaduna. An biya mutum kuɗi don ya samo ɗan raƙumin dawa, bai kawo ba, aka kai shi ga 'yan sanda, kotunan ƙasa suka same shi da laifi. Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, ta ce lamarin ciniki ne da ya lalace, maganinsa ƙarar neman haƙƙi. A shari'ar Jim-Jaja da Kwamishinan 'Yan Sandan Ribas (2013) kuwa, ta tabbatar cewa wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ya cancanci diyya, kamar yadda sashe na 35(6) ya tanada.

5.3 Tsangwama ta Intanet

Sashe na 24(1) na dokar 2015 ya hukunta aika saƙon da zai ɓata rai ko ya zama zagi, da tarar da za ta iya kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3 ko duka biyun. Faɗin kalmomin ya sa aka riƙa amfani da shi a kan 'yan jarida da masu suka a Facebook. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince da sashen a shari'ar Okedara (2019), amma Kotun ECOWAS ta yanke a 2020, ta sake yankewa a 2022, cewa ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. An gyara shi a 2024, aka taƙaita shi ga saƙon batsa da saƙon ƙarya mai nufin tada hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. Wannan na nufin zagi kaɗai a dandalin WhatsApp bai isa hujjar kamu a ƙarƙashin wannan ƙaramin sashe ba.

6.0 Auna Hukunce-hukuncen da Yanayin Palladan

Idan aka haɗa ɓangarorin biyu, ƙa'idar da ta fito ita ce: kotu ba ta hana bincike, amma tana hana a fake da bincike a ci zali. Wahalar tana wajen rarrabewa, kuma a zargin barazana ta fi tsanani, domin hujjar sau da yawa magana ce ta fatar baki.

A ƙaddara wani ɗan kasuwar Sabon Gari yana bin wani tela na Palladan kuɗin yadi. Suka yi cacar baki, sai mai bashi ya rubuta ƙorafi cewa tela ya yi barazanar kashe shi. Da kalma guda an mayar da bashi laifi, an kauce wa hukuncin Kure. Idan tela ya je kotu, za a tare shi da hukuncin Uba, a ce ya bari a yi bincike. Idan ya amsa gayyata ranar Juma'a da yamma, mai yiwuwa ne ya kai Litinin a tsare, ko ya sa hannu a takardar biyan bashi don ya fita. Diyyar da zai samu daga baya ba za ta mayar masa da mutuncinsa a idon maƙwabta da abokan ciniki ba.

A ƙaddara kuma wata mata ce a Samaru da tsohon mijinta ke aiko mata da saƙonnin kashedi, yana tare ta a hanya. Ta kai ƙara, shi kuma ya riga ta zuwa Babbar Kotu ya sami umarnin a dakata da komai har a saurari ƙararsa. A tsawon makonnin da umarnin ke aiki, an ɗaure hannun 'yan sanda, shi kuwa ba a gindaya masa sharaɗin komai ba. A nan umarnin da aka yi don kare walwala ya zama makami.

Misalan biyu sun nuna rauni ɗaya: alƙali yakan tsinci kansa tsakanin zaɓi biyu, ko ya hana kamun ɗungurungum ko ya kori ƙarar. Akwai kuma batun hali. Ƙarar haƙƙi tana buƙatar lauya da takardar rantsuwa da rubutaccen jawabi, abin da ɗan acaɓa ko ɗalibi ɗan haya ba ya iyawa cikin kwana ɗaya. Don haka kariyar ta fi isa ga masu hannu da shuni, alhali talaka ne ya fi kwana a caji ofis.

7.0 Mahangar Fiƙihun Malikiyya

Tun da kotunan shari'ar Musulunci suna aiki a Zariya, ya dace a duba abin da malamai suka shimfiɗa. An ruwaito a Sunan na Abu Dawuda da Tirmizi cewa Annabi (SAW) ya tsare wani mutum bisa tuhuma, kuma a ruwayar Tirmizi an ƙara cewa daga baya ya sake shi. Malamai irin su Ibn Farhun a Tabsiratul Hukkam sun kasa wanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da nagarta, ba a tsare shi bisa zargi kawai, har ma akan ladabtar da wanda ya ƙage shi, wanda aka sani da ɓarna, ana tsare shi, da wanda ba a san halinsa ba, ana tsare shi gwargwadon abin da zai isa a binciki lamarinsa. Haka kuma fiƙihu ya san lamunin fuska, wato wani ya ɗauki nauyin kawo mutum duk lokacin da aka neme shi. Wannan ya nuna cewa auna halin mutum da karɓar mai tsaya masa maimakon tsarewa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda mai unguwa da dattawa suka daɗe suna tsaya wa nasu.

8.0 Shawarwari

Na farko, Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta ƙara sashe a dokar 2017 da zai ba kotu, har da ta babban majistare a ƙananan laifuffuka, ikon bayar da belin kafin kamu. Sharuɗɗan su haɗa da bayyana gaban mai bincike a rana ƙayyadadda, da kawo mai tsayawa, da haramcin tuntuɓar mai ƙorafi ko shaidu, da soke belin da zarar an saɓa.

Na biyu, kafin a yi wannan gyara, alƙalai su yi amfani da faɗin ikon da sashe na 46(2) ya ba su wajen tsara umarni mai sharaɗi, maimakon umarnin dakatar da komai. Ma'aunan da Kotun Ƙoli ta bi a shari'ar Bamaiyi (2001) da ta Dokubo-Asari (2007), wato girman laifi da ƙarfin hujja da yiwuwar gudu ko taɓa shaidu, za su yi jagora.

Na uku, a duk ƙarar da ta shafi barazana ga rai ko rikicin iyali, a ji ta bakin mai ƙorafi cikin gaggawa, a kuma haɗa belin da umarnin kariya irin wanda dokar hana cin zarafi ta tanada.

Na huɗu, majistarori su riƙa kai ziyarar wata-wata ofisoshin 'yan sanda kamar yadda dokokin 2015 da 2020 suka tanada, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a da reshen Zariya na Ƙungiyar Lauyoyi da Tsangayar Shari'a da ke Kongo su haɗa hannu wajen wayar da kan jama'a da harshen Hausa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa belin kafin kamu, a ma'anarsa ta Indiya, babu shi a dokokin Nijeriya, kuma ƙarar haƙƙi a ƙarƙashin sashe na 46 ce ke tsaye a gurbinsa. Hukuncin Uba da makamantansa sun hana a katange mutum daga bincike, hukuncin Kure da makamantansa sun hana a mayar da caji ofis wurin karɓar bashi. Ɓangarorin biyu ba su saɓa wa juna ba, sai dai babu wanda a cikinsu ya ba alƙali hanyar tsakiya a fili. A zargin tsangwama da barazana, inda mai ƙorafi da wanda ake zargi kan kasance a layi ɗaya ko gida ɗaya, wannan hanya ce ake buƙata: wanda ake zargi ya amsa tambayoyi ya koma gidansa, mai ƙorafi kuma ya sami umarnin kotu da ya hana a kusance shi har a gama bincike.